Shin yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da ƙasashe ke sa wa hannu suna da amfani ga wanda ke tsare?

Malamin Sakandare ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Ina koyar da darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa a wata makarantar sakandare, kuma shekara da shekaru ina karanta wa ɗalibai cewa Najeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyoyin duniya da na Afirka waɗanda suka haramta tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Yau kuwa ƙanena yana cikin wata na goma sha huɗu a gidan yari yana jiran shari'a. Gyaran waya yake yi, aka sami wata wayar sata a shagonsa, wadda ya ce wani ne ya kawo masa gyara. An ba da belinsa, amma sharaɗin shi ne a kawo babban ma'aikacin gwamnati mai takardar mallakar fili, mu kuwa duk danginmu babu mai wannan matsayi. Kowace Asabar mahaifiyarmu takan ɗaura kwanon tuwo a cikin ɗankwali ta bi layin masu ziyara, ta ɗanɗana abincin a gaban gandiroba kafin a karɓa, ta dawo gida ba ta iya magana sai bayan la'asar.

Tambayata ga masana ita ce, su wa suka rubuta waɗannan yarjejeniyoyi, kuma wane ƙarfi suke da shi a gaban alƙalin ƙasarmu? Shin talaka yana iya riƙe ɗaya daga cikinsu ya nemi haƙƙinsa, ko kuwa magana ce ta shugabanni a tsakaninsu? Ina so in sani saboda ƙanena, ina kuma so in san ko gaskiya nake koya wa yaran mutane.

Lauya daga Kaduna ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kawo wa ƙanenka mafita, Ya ba Mama haƙuri. Zan fara da ƙarfin yarjejeniya a kotu, domin a nan ne mutane suka fi ruɗewa.

Sa hannu a kan yarjejeniya daban ne da amincewa da ita, kuma amincewa da ita daban ne da mayar da ita dokar ƙasa. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu wata yarjejeniya tsakanin Najeriya da wata ƙasa da za ta yi aiki a matsayin doka sai Majalisar Dokoki ta Tarayya ta zartar da ita. Saboda haka yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, alƙawari ce da ƙasar ta ɗauka a gaban sauran ƙasashe, kuma lauya yana iya kafa hujja da ita don jawo hankalin alƙali, amma ba ta ɗaure alƙalin yadda dokar majalisa take ɗaure shi. A sashe na 9 na wannan yarjejeniya ne aka ce bai kamata tsare mai jiran shari'a ya zama shi ne abin da aka saba ba.

Yarjejeniyar Afirka a kan haƙƙin ɗan Adam da na al'ummomi kuwa matsayinta ya bambanta. Shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka sun amince da ita a Nairobi a 1981, ta fara aiki ranar 21 ga Oktoba 1986, Najeriya kuma ta mayar da ita dokar ƙasa tun 1983. Lokacin da gwamnatin soja ta tsare Gani Fawehinmi a 1996, da wannan doka ya kai ƙara, shari'ar ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a shekarar 2000 cewa yarjejeniyar ta zama ɓangare na dokokin Najeriya kuma wajibi ne kotuna su yi aiki da ita, sai dai tana ƙarƙashin kundin tsarin mulki. Sashe na 6 nata ya hana tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 7 kuma ya ba shi haƙƙin a yi masa shari'a cikin lokacin da ya dace. Ke nan abin da kake koya wa ɗalibanka gaskiya ne, kuma babbar kotun jiharku tana da hurumin sauraren ƙanenka a kansa.

A game da shi kansa, shawarata ita ce a shigar da buƙata a babbar kotu ta sassauta sharuɗɗan belin, domin dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi ma suke da irin tasu, ta ce kada sharuɗɗan beli su yi tsanani fiye da kima. Idan babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofis a babban birnin jiha, kuma irin wannan aiki aka kafa ta don ta yi.

Dattijo daga Fagge ya rubuta:

Malam, ina taya ku jaje. 'Yata Lauya ta yi bayani mai gamsarwa a kan doka, amma ba ta taɓa rabin tambayarka na farko ba, wato su wa suka rubuta, kuma ni a nan damuwata take.

Ranar 10 ga Disamba 1948, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna a Paris ta amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam, Najeriya tana hannun Ingila, Nijar da Cadi suna hannun Faransa. Ƙasashen Afirka huɗu kaɗai ne a zauren, wato Masar da Habasha da Laberiya da Afirka ta Kudu ta masu wariyar launin fata. Waɗanda suke mulkinmu da bulala da aikin tilas suna cikin masu ɗaga hannu cewa an haifi kowa da 'yanci. Saudiyya ma ƙin kaɗa ƙuri'a ta yi saboda sassan da suka shafi aure da sauya addini. Ba a tambayi iyayenmu ba, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Sannan a dubi Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague. Amurka da Rasha da Sin ba mambobinta ba ne, amma suna zaune a Kwamitin Tsaro wanda ya miƙa mata batun Darfur a 2005 da na Libiya a 2011. Wanda bai yarda a yi masa shari'a a kotu ba, shi ne yake tura waninsa gabanta. Waɗanda ta samu da laifukan yaƙi ta ɗaure, daga Thomas Lubanga na Kwango a 2012 zuwa waɗanda suka biyo bayansa, 'yan Afirka ne. Ko kotun da take tamu, ta ECOWAS, wadda ke zaune a Abuja, ta umarci a saki Sambo Dasuki a watan Oktoba 2016, ba a sake shi ba sai Disamba 2019. Idan tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara a kan tsaro ya yi shekara uku da hukunci a hannunsa yana tsare, ina tsoron abin da mai gyaran waya zai samu. Ba ina kashe maka gwiwa ba ne, ɗana, ina so ne kada ka jingina da bangon da ba ka gwada ƙarfinsa ba.

Malamar Asibiti daga Ƙonni ta rubuta:

Baba, duk abin da ka faɗa a kan 1948 haka yake, amma ina roƙon ka saurari abin da ya faru a yankinmu, domin ba a takarda na karanta shi ba kawai, maganarsa ta cika gari a lokacin.

A nan akwai wata al'ada da ake kira wahaya, inda mai mata huɗu yake sayen yarinya daga zuriyar da ake ɗauka bayi ce, ya ajiye ta a matsayin ta biyar ba tare da sadaki ko ɗaurin aure ba, ta yi aikin gida da na gona, ya kuma kwana da ita. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara goma sha biyu a kan jika 240 na sefa. Nijar ta sanya bauta cikin manyan laifuka a dokarta a 2003, kuma a 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ita matarsa ce, ba za ta bar gidan ba. Da ta fita ta auri wanda take so, sai ya kai ta ƙara cewa ta yi aure a kan aure, kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida, aka kai ta gidan kaso. Ka ga dokar ƙasa tana nan a rubuce, amma alƙalan da ke riƙe da ita sun fi jin nauyin al'ada.

Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta da wasu lauyoyi na gida da na waje suka kai maganar kotun CEDEAO, wato ECOWAS, wadda tun 2005 aka ba ta ikon sauraren ƙarar mutum ɗaya a kan gwamnatinsa, ba tare da sai ya gama bin dukkan kotunan ƙasarsa ba. Alƙalan suka taso daga Abuja suka zauna a Yamai, ita kuma ta tsaya a gabansu ta ba da labarinta da bakinta. Ranar 27 ga Oktoba 2008 suka yanke hukunci cewa an bautar da ita, cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, kuma ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Sashe na 5 na yarjejeniyar Afirka, wadda Lauya ta ambata, yana cikin abin da suka kafa hujja da shi. Gwamnati ta karɓi hukuncin, ta kuma biya.

Wannan mata ba ta yi boko ba, ba ta da kowa a gwamnati. Ban ce wahaya ta ƙare ba, domin har yau akan kawo mana yarinya asibiti da tsohon ciki, ka tambaye ta mijinta ta sunkuyar da kai ta kasa cewa miji ne ko ubangida. Amma tun daga wannan hukunci masu yi suka koma yi a ɓoye, matan kuma suka san akwai wadda ta fita. Abin da ke damuna yanzu shi ne ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, wadda ta tabbata a watan Janairu 2025. Kowa yana da ra'ayinsa a kan dalilan siyasar, ni ma ina da nawa, amma ƙofar da Hadijatou ta bi ta rufe ga 'ya'yanmu, kuma ban ji ana tattauna wannan a cikin muhawarar ba.

Mai Karantarwa a Islamiyya ya rubuta:

Ina so in ƙara kalma ɗaya a kan maganar zanen aro da Baba ya yi. Kafin a aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani ɗan kasuwa baƙo daga Yaman ya sayar wa wani babban mutum a Makka kaya aka hana shi kuɗinsa. Ya ɗaga murya ya kai kuka, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi alƙawarin tsayawa tare da duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo, har a mayar masa da haƙƙinsa. Wannan shi ne Hilful Fudul. Annabi ya halarce shi yana saurayi, bayan annabci kuma ya yabe shi, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci zai amsa. Waɗanda suka ƙulla shi ba Musulmi ba ne a lokacin. Don haka haɗa kai da wanda ba addininku ɗaya ba domin hana zalunci yana da asali a wurinmu. Inda wani sashe ya ci karo da nassi, ƙasa tana da damar bayyana cewa ba ta ɗauki wannan sashen ba lokacin da take shiga yarjejeniya, kuma ƙasashen Musulmi da dama sun yi hakan. Hana azabtarwa da hana tsare mutum ba shari'a kuwa, ban san malamin da ya saɓa a kansu ba.

Ɗan Kasuwa daga Njamena ya rubuta:

Gaisuwa ga kowa. Ina cikin kasuwa ranar 30 ga Mayu 2016, mun kewaye rediyon wani mai shayi, lokacin da aka karanta hukuncin Hissène Habré daga Dakar. Wani tsoho da ke zaune a kan benci ya ajiye kofinsa ya rufe fuskarsa da rawani, babu wanda ya tambaye shi dalili, domin a garin nan da wuya ka sami zuriyar da ba ta san wani da aka ɗauka da dare ba.

Habré ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, ya gudu Senegal. Kwamitin bincike na ƙasa ya ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kusan 40,000 a zamaninsa. Hukumar 'yan sandansa ta asiri ta mayar da wani tsohon wurin ninkaya na zamanin Turawa kurkukun ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar birni. Wani ma'aikaci mai suna Souleymane Guengueng ya yi rantsuwa yana tsare cewa idan ya fita da rai zai nemi haƙƙin waɗanda suka mutu a gabansa, da ya fita kuwa ya bi gida gida yana rubuta bayanan ɗaruruwan mutane, ya ɓoye takardun shekaru. Lauyar waɗanda aka zalunta Jacqueline Moudeina an jefa mata gurneti a 2001, ta ji rauni mai tsanani, ba ta janye ba. A wannan shekarar ne kuma aka gano takardun hukumar asirin zube a ƙasa a tsohon ofishinta, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a tsare ko aka kashe.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne yadda yarjejeniya ɗaya ta riƙe shari'ar duk lokacin da ta kusa faɗuwa. Yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 ta ce ƙasar da wanda ake zargi yake cikinta, ko dai ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi ga mai gurfanarwa. An tuhumi Habré a Dakar a shekarar 2000, kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi. Waɗanda aka zalunta suka tafi Beljiyam, alƙalin can ya ba da sammacin kama shi a 2005. Tarayyar Afirka ta ce a 2006 Senegal ta yi masa shari'a da sunan Afirka, aka yi ta jan ƙafa a kan kuɗi, har Beljiyam ta kai Senegal Kotun Duniya mai sauraren ƙarar ƙasa da ƙasa, wadda ta yanke a watan Yuli 2012 cewa Senegal ta saɓa alƙawarin da ta sa wa hannu, kuma ta gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba. Daga nan aka kafa kotu ta musamman a cikin tsarin shari'ar Senegal tare da Tarayyar Afirka, alƙali Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso ya shugabance ta. Habré ya ƙi amincewa da kotun, sai da aka shigo da shi da ƙarfi, ya zauna cikin farin rawani da baƙin tabarau bai ce uffan ba, shaidu fiye da casa'in suna faɗin abin da aka yi musu a gabansa. An yanke masa ɗaurin rai da rai, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2017, ya rasu a Dakar a 2021.

Baba na Fagge, a nan 'yan Afirka ne suka yi wa shugaban Afirka shari'a a ƙasar Afirka. Amma zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya, domin kotun ta yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396, kuma mafi yawan wannan kuɗi bai kai hannunsu ba, da yawa daga cikinsu sun rasu suna jira. Shekara ashirin da biyar aka yi tsakanin gudunsa da hukuncin.

Lauya daga Kaduna ta sake rubutawa:

Baba, na karɓi gyaranka, kuma batun Kwamitin Tsaro ba ni da abin da zan kare shi da shi. Sai dai tarihin bai tsaya a 1948 ba. Ko a wancan zama, Masar da Pakistan da Iraƙi da Siriya da Turkiyya sun kaɗa ƙuri'ar amincewa, kuma Charles Malik na Labanan yana cikin manyan waɗanda suka tsara rubutun. Da ƙasashenmu suka sami 'yancin kai suka cika zauren, su ne suka matsa har aka samar da yarjejeniyar yaƙi da wariyar launin fata a 1965. Yarjejeniyar Afirka kuwa masanan Afirka ne suka rubuta ta ƙarƙashin jagorancin alƙali Kéba Mbaye na Senegal, kuma sun sanya abin da babu a na Turai, wato wajibai da ke kan mutum, har da girmama iyaye da ciyar da su idan sun rasa, a sashe na 29. Ƙasar da ta fara amincewa da dokar Roma wadda ta kafa kotun Hague ita ce Senegal a 1999, kuma Yuganda da Kwango da Mali su da kansu suka kai mata ƙararrakinsu. A dalilin ƙarar Mali ne aka ɗaure mutumin da ya jagoranci rusa hubbaren waliyyan Timbuktu shekara tara a 2016.

Raunin da ka nuna a batun Dasuki shi ne raunin gaske. Waɗannan kotuna ba su da 'yan sanda, hukuncinsu yana jiran gwamnatin da aka kayar ta aiwatar da shi. Shi ya sa ban shawarci Malam ya fara da Abuja ba, alhali babbar kotun jiharsa tana kusa kuma umarninta yana isa gidan yari kai tsaye.

Malamin Sakandare ya sake rubutawa:

Na gode muku gaba ɗaya, Allah Ya saka da alheri. Baba, na ji gargaɗinka kuma ban ɗauke shi kashe gwiwa ba. Na karanta wa mahaifiyarmu labarin Hadijatou jiya da dare, ta sa na maimaita mata wurin da aka ce alƙalan sun taso har Yamai don su saurare ta. Ranar Litinin zan nemi izini a makaranta in je ofishin agajin shari'a. Malama Lauya, waɗanne takardu ya kamata in riƙe, kuma ana buƙatar ƙanen nawa ya sa hannu da kansa?

Lauya daga Kaduna ta amsa:

Malam, ka je wurin rajistaran kotun da ta ba da belin ka nemi kwafin takardar tuhuma da kwafin umarnin belin mai hatimi, ka rubuta lambar shari'ar da ranakun da aka zauna da dalilin kowace ɗagewa gwargwadon abin da kuka sani. Ba lallai ne ya sa hannu ba, domin ƙa'idojin neman haƙƙin ɗan Adam na 2009 sun yarda wani ya yi rantsuwar bayani a madadin wanda ke tsare, kuma kai yayansa kana iya yi. Ka kuma roƙi jami'in walwala na gidan yarin ya sanya sunansa cikin jerin da ake gabatar wa Babban Jojin jiha idan ya kai ziyarar rage cunkoso, domin wata goma sha huɗu a kan tuhumar waya ɗaya yana cikin irin abin da ake dubawa a wannan ziyara. Idan ka karɓo takardun, ka sanar da ni ranar da aka sa don zama na gaba.